Teburin da Séverin Gaudrel Ya Faskara

A unguwar Saint-Antoine, inda kowane lungu ƙarar zarto kake ji da warin gam, babu wanda bai san Séverin Gaudrel ba, kuma da wuya ka sami mai ƙaunarsa. Kafinta ne na sarakai da masu hannu da shuni. Ba ya taɓa kujerar talaka ko gadon ɗan haya. Aikinsa kabad ne mai saman marmara, da teburin rubutu mai ɓoyayyun durowoyi, da akwatin adon mata, duk an lulluɓe su da siraran yankan maɗaci da kanya da katakan ƙetare masu launi iri-iri, an ɗaure kusurwoyinsu da tagulla mai ruwan zinariya. Gajere ne kakkaura, wuyansa kamar na bijimi, ga baƙar magana. Ma'aikatansa Maigida suke ce masa a gaban idonsa, in ya ba da baya su ce Kunama.

Cikin ma'aikatan nan akwai Firmin Aubrac, wani dogo siriri da ya sauko daga ƙauyukan kan dutse tun yana saurayi, ya manyanta a shagon Séverin. Shi ne mai aikin furanni. Zai yanka katako ƙanana-ƙanana kamar farce, ya tsoma gefen kowanne cikin yashi mai zafi har ya yi duhu, sannan ya jera su ya manna, sai ka ga fure ya fito a jikin kabad kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Séverin ya san haka sarai, amma bai taɓa faɗa ba. In aiki ya yi kyau, sai ya kalla ya ce, "To, ba laifi," ya ɗauko ƙarfen tambarinsa ya buga sunansa a ƙarƙashin marmarar.

Babban aikin da suka yi tare shi ne teburin rubutu na wani basarake, dogo kamar kabad, mai murfi a gaba da ake saukewa a yi rubutu a kai. Séverin ne ya zana shi, ya haɗa gangar jikinsa, ya ƙera masa wata dabara a ciki yadda makulli guda in ya juya, duk durowoyin su kulle a tare. Firmin kuwa ya yi shekaru a duƙe yana shimfiɗa wa murfin kwandon furanni. A can sama aka kafa tambarin gidan basaraken, da kambi da furen gidan sarauta. Ranar da aka fito da shi, har mata masu wanki suka bar bakin rijiya suka zo kallo.

Bayan wannan aiki ne Firmin ya nemi ƙungiyar kafintoci ta ba shi izinin buɗe shagonsa da buga sunansa a kan aikinsa. Ya ƙera ɗan tebur na gwaji ya kai gaban dattawan ƙungiya. Séverin yana cikin dattawan. Ya zagaya teburin, ya girgiza shi, ya ce ƙafa ɗaya ta karkace. Ba wanda ya ga karkatar sai shi, amma ba mai son jayayya da Kunama. Aka hana Firmin izini. Washegari ya kwashe kayan aikinsa ya bar shagon, ya koma yin kujerun gidan giya a wani ɗan ɗaki bayan kasuwa. Séverin bai taɓa jin ya yi laifi ba. A ganinsa, hannun da ya koya a shagonsa nasa ne, kuma hannu ba ya tashi ya ce shi ma mutum ne.

Sai duniya ta juya. Aka yi juyin juya hali, aka rushe ƙungiyar kafintoci, sarakai suka gudu ƙasashen waje suka bar gidajensu, daga baya sarki kansa aka fille masa kai. Shagon Séverin ya yi tsit. Ma'aikata suka watse, wasu yaƙi, wasu neman burodi. Ya rage daga shi sai matarsa Mathurine, suna cin miyar albasa da busasshen burodi, shi kuwa kullum da safe sai ya share shagon ya wasa kayan aiki kamar akwai mai zuwa.

Wata safiya da sanyi ya fara shigowa, yana cikin wasa cizal, ƙarfensa na sassaƙa, sai ya ji ƙarar keken doki ta tsaya a ƙofarsa, da hayaniyar mutane. Ya leƙo. Ga wasu ƙarti kowanne da mashi a hannu, ga 'yan unguwa sun biyo baya, ga wani dogon kaya a kan keken an rufe shi da bargo. A gaba kuwa Firmin ne, da jar hula da ɗamarar kwamitin unguwa. Gashinsa ya yi furfura, amma tafiyarsa ta canza; yanzu kansa a sama yake.

"Gaudrel!" in ji Firmin. "Fito, ƙasa tana da aiki."

Séverin ya fito yana goge hannu a jikin rigar aikinsa. Bai taɓa jin sunansa haka tsirara a bakin Firmin ba, kuma abin ya soke shi.

"Kai ne, ɗan kan dutse? Na ɗauka ka mutu. Ko kujerun mashaya sun ƙare ne?"

"Ɗan ƙasa Aubrac za ka ce."

"Ni a shagona na san ka, kana cin miyata. Ban san wani ɗan ƙasa ba."

Mutane suka yi gunaguni. Firmin ya juya wajen keken. Ya yi wa ƙartin alama, suka sauke kayan a tsakiyar farfajiya, ya janye bargon da kansa.

Séverin ya gane shi nan take. Teburin ne. Shekarun da ya yi a gidan basaraken sun ƙara wa katakonsa duhu da sheƙi, furannin sun yi launin zuma. Ba ko ƙwarzane a jikinsa. Bai san lokacin da ya matsa ya ɗora tafin hannunsa a gefensa ba.

"Ɗauke hannunka," in ji Firmin. "Kayan ƙasa ne yanzu. Mai shi ya gudu, an ƙwace gidansa, jibi za a yi gwanjon kayan. Amma doka ta ce ba a sayar da komai da alamar sarauta a jikinsa." Ya nuna kambin da yatsa. "Tun da sunanka ne a ƙarƙashinsa, kai za ka kankare wannan ƙazantar. Yanzu. A nan, kowa yana gani."

"Kafintoci sun ƙare a garin ne?"

"Ai babu kamarka, Maigida," in ji Firmin, ya ja kalmar yadda har 'yan kallo suka fashe da dariya. "Ba kai ne mai idon da ke ganin karkatacciyar ƙafa ba? Wa zai iya in ba kai ba?"

"In na ƙi fa?"

"Sai in koma in gaya wa kwamiti cewa akwai wani tsoho a nan da hannunsa ba ya iya taɓa kambi. Ka san inda ake kai irinsu. Keken da ke kai su wurin fille kai ta nan titin yake wucewa."

Mathurine ta fito daga kicin, ta kama hannun rigar mijinta. "Séverin, don Allah ka yi musu. Ɗan guntun katako ne. Ka kankare su tafi."

"Koma ciki."

"Ba zan koma ba. Kana so su bar ni ni kaɗai a gidan nan?" Ta juya ga Firmin. "Kai kuma, Firmin, ba ka ji kunya ba? Sau nawa na ɗinke maka riga? Da ka yi zazzaɓi wa ya yi jinyarka?"

"Ban manta ba, Uwargida," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, bai kalle ta ba. "Ba da ke nake ba."

Séverin yana tsaye yana kallon Firmin, sai ya lura da wani abu. Bakin mutumin yana zancen kambi, amma idonsa ba ya kan kambin. Kan furannin yake. Ko lokacin da ƙartin nan suke sauke teburin, shi ne ya tare gefen murfin da hannunsa don kada ya gogi ƙafar keken. Kuma da wata mata ta miƙa yatsa za ta taɓa kwandon furannin, ya buge mata hannu ba tare da ya ma sani ba.

Séverin ya gane. Tun da Firmin ya bar shagon bai sake samun maɗaci ko kanya ya taɓa ba. Sauran ayyukansa sun bi masu su ƙasashen waje, ko sun ƙone a gidajen da aka cinna wa wuta. Wannan murfin shi ne kaɗai abin da ya rage masa a garin nan da zai nuna ya ce hannunsa ne. Ba don kambi ya kawo teburin ba. Ya kawo shi ne don Kunama ya durƙusa a gabansa, a gaban furanninsa, unguwa tana kallo.

"To," in ji Séverin. "Bari in ɗauko kayan aiki."

Wani ya yi ihu, "Kunama ta sauke ƙari!" Aka sake dariya. Firmin ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Séverin ya shiga shago. Ya wuce jerin cizal ɗinsa da ke rataye a bango, ya wuce teburin aiki, ya nufi bayan murhu inda Mathurine take ajiye gatarin faskare. Ya ɗauke shi, ya ɓoye shi a bayan ƙafarsa, ya fito a hankali kamar tsohon da ya saduda. Mutane suka buɗe masa hanya. Ya tsaya gaban teburin ya ɗaga kai ya dubi kambin.

"Ka ce in kankare ƙazantar da ke jikinsa, ko?"

"Haka na ce."

Ya ɗaga gatarin da hannu biyu ya sauke shi a tsakiyar kwandon furannin.

Ƙarar ta yi kamar an harba bindiga. Murfin ya tsage daga sama har ƙasa, ƙananan katakan suka yi tsalle suka watsu a kan duwatsun farfajiya. Kafin kowa ya motsa ya sake sara, ya sake. Firmin ya saki wata irin ƙara da ba a taɓa jin namiji ya yi a unguwar ba, ya faɗa masa. Suka zube ƙasa tare. Firmin ya shaƙe shi da hannu biyu yana buga kansa da ƙasa, shi kuwa tsohon, jini na zuba daga hancinsa, dariya yake yi.

"Ga furanninka nan! Tsince su! Je ka nuna wa kwamiti ka ce kai ma kafinta ne!"

"Zan kashe ka! Wallahi zan kashe ka, tsohon banza!"

"Kashe ni mana! Ko shi ma sai an nuna maka yadda ake yi?"

Da ƙyar ƙartin suka ɓamɓare su. Biyu suka riƙe Séverin, ɗaya ya take gatarin. Teburin yana nan tsaye, cikinsa a buɗe, durowoyi sun zazzago. Kambin da furen sarauta kuwa suna can sama, ko ƙura ba ta taɓa su ba. Firmin ya durƙusa yana tattara gutsattsarin, ya ɗauki wannan ya kara da wancan, ya ga ba sa haɗuwa, ya zubar.

'Yan kallo ba su fahimci abin da ya faru ba. Su dai sun ga an sari kayan basarake, kuma jininsu ya hau. Wata mai sayar da kifi ta ce, "Me ake jira? A ƙona shi mana!" Nan take aka ɗauka. Samari suka ja teburin zuwa titi, wani ya kawo bambaro, wani ya kawo garwashi daga gidan mai burodi. Firmin ya tashi yana cewa su bari, kayan ƙasa ne, amma ba mai jin sa. Tsohon katako ne da ya sha kakin zuma shekara da shekaru. Wuta tana taɓa shi ya kama gaba ɗaya. Aka kewaye shi ana waƙa ana tafi. Séverin yana kallo ta tsakanin kafaɗun masu riƙe da shi, ya ga tagullar kusurwoyin ta yi baƙi ta faɗo, ya ce a ransa ya yi nasara.

A ranar aka kai shi kurkuku.

Ya shiga yana jiran a kira sunansa a hau da shi keken nan. Aka yi ta kiran wasu ana barin sa. Sanyi ya shigo sosai, ruwa yana tsattsafowa daga bango, yatsunsa suka fara kumbura. Mathurine ce take kawo masa burodi in an bar ta ta shiga. A bakinta ya ji dalilin da ya sa har yanzu kansa yake wuyansa.

"Firmin bai kai ƙararka a kan teburin ba," in ji ta ta bayan ƙarafuna. "Ba don yana tausayinka ba, kada ma ka fara. Ashe ba da izini ya fitar da shi daga ma'ajiya ba, gaban kansa ya yi. In ya ce kai ka lalata shi, sai a tambaye shi wa ya kai maka. Shi ya sa ya ce jama'a ne suka ga kambi suka fusata suka ƙona. Kai kuma laifin ɗaga gatari a gaban 'yan kwamiti kawai aka ɗora maka."

Séverin ya yi murmushi. "Ashe dai har yanzu a hannuna yake."

"A hannunka?" Ta dube shi kamar ta mare shi. "Dubi inda kake, ka ce wani yana hannunka. Na sayar da zannuwan gado, na sayar da tukwanena na tagulla, ina bin layin burodi tun asuba da ƙafar nan tawa, kai kana nan kana murna ka ƙuntata wa Firmin. To bari in tambaye ka. Teburin nan shi kaɗai ya yi shi? Wa ya yi shekaru yana hana ni barci da zancen makulli guda da zai kulle durowa duka? Wa ya ce min in ya mutu, wannan teburin ne zai sa a tuna da shi?"

"Rufe min baki."

"Ba zan rufe ba. Na yi shiru shekara da shekaru, ga abin da shirun ya jawo min."

Ta tura masa burodin ta juya ta tafi, ba ta ko yi masa sallama ba.

Ya zauna a kan bambaro da burodin a cinyarsa, bai ci ba. Tun ranar da abin ya faru, fuskar Firmin kaɗai yake tunawa, yana jin daɗi. Yanzu sai ga cikin teburin ya dawo masa, yadda ya gan shi a buɗe bayan saran: siraran sandunan ƙarfen da ya goge da hannunsa, da haɗin katakon da ya yi ba ƙusa ko ɗaya. Ya tuna 'yar ƙarar da makullin yake yi in ya juya. Ba wanda ya koya wa wannan dabarar, don kada a sace masa, kuma yatsun da ke cinyarsa yanzu ko maɓallin riga ba sa iya sawa. Ya juya fuskarsa ga bango don kada sauran fursunoni su gani. Amma ko a lokacin, da za a mayar da shi farfajiyar a miƙa masa gatarin, ya san zai sake sarawa.

Da zafin fille kawuna ya lafa aka buɗe kurkuku aka saki irinsu. Ya dawo gida ya tarar an karɓe shagonsa an mai da shi wurin sassaƙa ƙotar bindiga ta sojoji, shi da Mathurine an bar musu ɗakin sama. Wanda aka ɗora a kan aikin kuwa Firmin ne. An cire shi daga kwamiti, jar hular ma ya daina sawa, amma wannan muƙamin ya riƙe.

Yunwa ce ta sauko da Séverin daga bene. Ya tsaya a ƙofar shagon da ya gina, ya ce yana neman aiki. Bai ce don Allah ba. Firmin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya dubi kumburarrun yatsunsa, ya nuna masa wani benci can kusa da ƙofa inda iska take shigowa.

Haka suka zauna shekaru. Kullum da yamma Firmin yana bi benci-benci yana duba aiki. In ya zo kan na Séverin sai ya ɗaga ƙotar ya kai ta saitin ido, ya jefa ta cikin tarin waɗanda za a sake.

"Wannan ko ɗan koyo ba zai miƙo min ita ba."

"Ai kai ka san aikin ɗan koyo, tun da a nan ka tsaya."

"Sake ta, in kana son burodin yau."

Sai tsohon ya ɗauko ya sake, yana zagi ƙasa-ƙasa. Sababbin ma'aikata sukan tambaya me ya haɗa mutanen nan biyu, tsofaffin unguwa su ce su dai su yi aikinsu. Daga baya, da masu kuɗi suka sake bayyana a gari aka fara neman kayan ado, dillalai sun zo har shago suna roƙon Firmin ya koma aikin furanni. Ya ce idonsa ya mutu. Bai sake yanka ko ganye ɗaya ba.

Séverin ya rasu cikin wani sanyi mai tsanani, bayan tari ya kwantar da shi. Kafin ya cika ya sa Mathurine ta yi masa alkawari cewa ko ƙusa ɗaya ta akwatin gawarsa ba za ta fito daga hannun Firmin ba. Bai ma buƙaci wahalar da kansa ba. Da ta sauko neman katako, Firmin ya ce na shagon na gwamnati ne, ba shi da ikon bayarwa. Wani maƙwabci mai yin ganga ne ya haɗa akwatin da ragowar allunan da yake da su.

Da aka sauko da gawar ta bene, sai an ratsa ta gaban shagon kafin a kai titi. Ma'aikata suka ajiye kayan aiki suka cire huluna. Firmin yana can ƙarshen shagon ya ba ƙofa baya. Ya ce da su wa ya ce a tsaya, sojoji suna jiran kaya. Suka mayar da hulunansu, zarto ya ci gaba da kuka, Mathurine da mutum uku suka bi akwatin zuwa maƙabarta.